Hanyar Morristown: dogon ma'aikata da nake jira a Train Sim World 6

Kamfanin Dovetail Games, wanda ke garin Chatham a kudu maso gabashin Ingila, ya sanar da cewa fitowa ta 6 ta wasansa na tuƙin jirgin ƙasa, wato Train Sim World, za ta zo ranar 30 ga Satumban 2025 tare da sababbin hanyoyi uku. Na rubuta wannan ne kafin wasan ya fito. Ta farko a Ingila take, daga Exeter zuwa Plymouth da Paignton, inda dogo ke bin gaɓar teku a Dawlish har ruwa kan fantsamo wa jirgi idan igiya ta yi ƙarfi. Ta biyu a Jamus take, tsakanin Leipzig da Dresden. Ta uku kuwa a jihar New Jersey ta Amurka take, ita ce hanyar Morristown, wadda ke tasowa daga birnin New York da kuma Hoboken ta nufi yamma zuwa garin Dover, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 60. Na san idon mafi yawan masu wasan zai fi karkata ga hanyar bakin teku, kuma ban ga laifinsu ba, domin kyanta a bayyane yake. Amma ni ta ukun nan ce ta tsaya mini a rai, duk da cewa ba ta da teku, ba ta da jirgi mai tsananin gudu, kuma babban aikinta shi ne kai mutane ofis da safe ta dawo da su gida da yamma.

Ya kamata in fara da bayyana irin wannan hanya, saboda jirgin da yawancinmu muka sani a ƙasar Hausa na doguwar tafiya ne, kamar wanda ke zirga-zirga tsakanin Abuja da Kaduna tun shekarar 2016, wanda mutum ke shiga da jakarsa ya zauna na tsawon sa'o'i. Jirgin ma'aikata dabam yake. Fasinjojinsa su ne dai na jiya da na shekaranjiya, kowa ya san ƙofar da zai tsaya a gabanta, ya san mintin da jirgi ke isowa, kuma idan aka makara da minti biyar to akwai wanda zai rasa jirgi na gaba ko ya isa wurin aiki a makare. Tashoshinsa a kusa da juna suke, jiragensa suna bin bayan juna ba tare da tazara mai yawa ba, kuma da safe cunkoson duk waje ɗaya yake fuskanta, da yamma ya juyo. Saboda haka ba a gane gwanintar direban irin wannan jirgi a wurin gudu. Ana gane ta ne a wurin birki, da tsayawa daidai inda aka ɗiba, da kiyaye jadawali ba tare da ya jijjiga waɗanda ke tsaye a cikin tarago ba.

Wannan shi ne abin da ya sa nake ganin hanyar ma'aikata ta fi kowace hanya gwada ingancin wasa irin wannan. A doguwar hanya mutum na iya sakin wuta ya zuba ido yana kallon gonaki na tsawon lokaci, kuma ko da an yi sakaci wajen kwaikwayon nauyin jirgi ko kamun birkinsa, ba lallai ne ya lura ba. A hanyar Morristown babu wannan sararin. Tsakanin East Orange da South Orange kawai akwai tashoshi 6 a cikin tazarar da ba ta kai kilomita 7 ba: East Orange, Brick Church, Orange, Highland Avenue, Mountain Station da South Orange. Kafin jirgi ya gama ɗaukar gudu daga wannan tasha, lokacin taka birki domin ta gaba ya yi. Idan waɗanda suka ƙirƙiri wasan suka daidaita yadda jirgi ke amsa hannun direba, to a nan za a ji daɗinsa, idan kuma ba su daidaita ba, a nan ne zai fara bayyana.

Sai dai babban abin da ya ja hankalina ga wannan hanya shi ne tana da baki biyu a gabas, kuma dalilin hakan yana cikin tarihinta da kuma cikin wayar lantarkin da ke saman dogon. An ba kamfanin Morris and Essex izinin gina hanyar a shekarar 1835, ta isa Morristown a 1838, ta kai Dover a 1848. Daga baya ta koma hannun kamfanin Lackawanna, wanda tasharsa ta ƙarshe ke Hoboken, a bakin kogin Hudson, tana kallon tsibirin Manhattan, wato tsakiyar birnin New York, daga tsallake. Jiragen wannan kamfani ba sa ƙetare kogin, don haka fasinja kan sauka a Hoboken ya shiga jirgin ruwa, ko kuma daga baya ya bi jirgin ƙarƙashin ƙasa, kafin ya isa cikin birni. Kamfanin Pennsylvania, wanda yake abokin hamayyarsa ne, shi ne ya haƙa ramuka biyu a ƙarƙashin kogin aka buɗe su a 1910, jiragensa suna shiga tsakiyar New York kai tsaye. Layukan kamfanonin biyu suna gittawa kusa da juna a fadamar Kearny, amma shekaru da dama babu abin da ya haɗa su, domin kowa da nasa dogon, kowa kuma da irin wutar da ya zaɓa.

A shekarar 1930 Lackawanna ya sanya wa layukansa na kewayen birni lantarki nau'in DC (wutar da ke tafiya waje ɗaya ba ta juyawa) mai ƙarfin volt 3,000, kuma shahararren mai ƙirƙira Thomas Edison, wanda ɗakin bincikensa ke West Orange a nan kusa, shi ne ya riƙe linzamin jirgi na farko da ya tashi daga Hoboken a watan Satumban wannan shekara, kimanin shekara guda kafin rasuwarsa. Wayar ta isa Dover a 1931, kuma taragun da aka sayo a lokacin sun ci gaba da ɗaukar mutane har 1984, wato sama da shekara 50. A wannan shekara ta 1984, bayan hukumar sufurin jihar New Jersey, wato NJ Transit, ta karɓi aikin jiragen a 1983, aka sauya wutar layin zuwa nau'in AC mai volt 25,000, mai juyawa sau 60 a daƙiƙa. Shi kuwa tsohon layin Pennsylvania, wanda yanzu ke hannun Amtrak, kamfanin jiragen fasinja na ƙasar Amurka, yana nan a kan wutarsa ta da, AC mai kimanin volt 12,000 da ke juyawa sau 25 a daƙiƙa. Da aka zo aka gina mahaɗar Kearny, aka buɗe ta a watan Yunin 1996 domin jiragen Morristown su riƙa shiga New York kai tsaye, sai ya zama dole duk jirgin da zai bi ta nan ya iya sauya irin wutar da yake sha yana cikin tafiya. A mahaɗar akwai wani ɗan yanki na waya da ba ya ɗauke da wuta, direba ya sauke wuta kafin ya isa wurin, jirgin ya ratsa da ƙarfin gudun da ya riga ya ɗauko, sannan kan jirgin ya koma kan wuta ta biyun.

Wannan ɗan yanki na waya shi ne ya raba aiki tsakanin jiragen hanyar har yau, kuma shi ne ya sa jirage biyun da za a tuƙa a wasan ba za su zama abu ɗaya mai fenti biyu ba. Na farko shi ne Arrow III, taragu masu jikin ƙarfe mai walƙiya da ke tuƙa kansu ba tare da kan jirgi ba, waɗanda kamfanin General Electric ya samar guda 230 a shekarun 1977 da 1978, aka kuma sabunta injinansu a farkon shekarun 1990. Suna iya aiki da kowace daga cikin wutar biyu, amma sai an kai su gareji an daidaita su, ba sa iya sauyawa a kan hanya. Saboda haka Arrow III da ke aiki a layin Morristown Hoboken yake zuwa, ba ya shiga New York. Na biyun shi ne ALP-46, kan jirgi mai lantarki da aka ƙera a Kassel ta Jamus a farkon shekarun 2000 bisa tsarin kan jirgin Jamus samfurin 101, wanda ke jan taragu masu hawa biyu ko ya turo su daga baya, direba yana zaune a ɗakin tuƙi na tarago na ƙarshe. Shi ne ke iya sauya wuta a Kearny, don haka shi ne ke shiga birni.

Bambancin tuƙinsu ba ƙarami ba ne. Arrow III yana da injina a ƙarƙashin taragunsa, yana tashi da sauri, yana tsayawa da sauri, kuma an yi shi ne domin tashoshi masu kusa da juna irin na yankin Orange. Jerin taragu masu hawa biyu kuwa nauyi gare shi, ƙarfinsa duka a gefe ɗaya yake, kuma birkinsa na iska yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya kama daga farkon jirgi zuwa ƙarshensa, don haka dole direba ya yi lissafi tun daga nesa. ALP-46 ba baƙo ba ne ga masu wannan wasa, domin ya fito a hanyar New York zuwa Trenton a shekarar 2023. Arrow III ne sabo, kuma shi na fi ɗokin gani, musamman da yake hukumar ta riga ta yi odar sababbin taragu masu hawa biyu da za su maye gurbinsa. Jirgin da ya kusa cika shekara 50 yana aiki, kwanakinsa a kan dogo ƙidayayyu ne, kuma ina ganin adana sautinsa da fasalin ɗakin tuƙinsa a cikin wasa aiki ne mai daraja, domin nan gaba kaɗan ba za a sami inda za a naɗi wannan sauti ba.

Idan aka bi reshen New York, abin da zai nuna ko an yi aiki da kyau shi ne yawan jiragen da mutum zai tarar a hanya. Tashar Penn, inda jiragen ke ƙarewa a birnin New York, tana da layuka 21, tana ƙarƙashin ƙasa, kuma jiragen Amtrak da na Long Island da na NJ Transit duk a nan suke cuɗanya. Daga New Jersey ba a shiga cikinta sai ta ramukan nan biyu na 1910, kowanne da layi guda, waɗanda a lokacin cunkoso kan ɗauki jirage kimanin 24 a sa'a zuwa waje ɗaya, kuma ruwan gishirin da guguwar Sandy ta cusa musu a 2012 ya bar musu lahanin da har yanzu ake fama da shi. Kafin a kai gare su akwai gadar Portal a kan kogin Hackensack, ita ma ta 1910, gada mai juyawa domin ba jiragen ruwa hanya, wadda ta yi suna wajen ƙin komawa mazauninta bayan an buɗe ta, har aka fara gina sabuwa mai tsayi a gefenta a 2022. Direban da ya fito daga Dover yana shigowa wannan matsattsen wuri ne a matsayin baƙo, yana neman gurbi tsakanin jiragen da suka taso daga Washington da Trenton. Idan mutum ya iso Kearny a cikin wasa ya tarar da koren sigina a kowane lokaci, ya kuma shiga Penn ya ga layuka wayam, to an zana wurin amma ba a kawo shi ba. Abin da nake fata shi ne in iso a makare da minti biyu in tarar an ba wani jirgin hanya, in tsaya in jira, domin haka abin yake ga masu yin aikin da gaske.

Reshen Hoboken kuma wani yanayi ne dabam. Jirgi yana ƙetare Hackensack a kan gada mai ɗagawa sama, ya shiga ramukan da aka fasa a cikin tudun Bergen, ya fito cikin filin layuka masu yawa da ke ƙarewa a bakin ruwa. Ginin tashar na 1907 ne, an lulluɓe shi da tagulla wadda ta koma kore saboda daɗewa, ɗakin jiransa yana da rufin gilashi mai launi, kuma har yau jiragen ruwa suna tashi daga gefensa. A nan layi yake ƙarewa da shingen ƙarfe, kuma ana shiga ne a hankali ƙwarai. A ranar 29 ga Satumban 2016 wani jirgi da ya fito daga wani layin dabam ya shigo tashar da gudun da ya ninka wanda aka ƙayyade, ya ture shingen, mace ɗaya da ke tsaye a tashar ta rasa ranta, mutane sama da 100 suka ji rauni, kuma bincike ya nuna direban yana da cutar da ke hana barci mai kyau ba tare da an gano ba. Bayan wannan ne aka sa dokar cewa kwandasta ya shiga ɗakin tuƙi ya tsaya tare da direba idan za a shiga tashar. Na kawo wannan ne domin a fahimci cewa na'urorin tsaro da ke cikin ɗakin tuƙi, waɗanda wasu masu wasa ke kashewa saboda ƙararsu ta dame su, kowacce akwai dalilin da ya sa aka sanya ta.

Na'urorin nan su ne rabin aikin tuƙi a layukan Amurka na wannan yanki. Tun shekarun 1920 kamfanin Pennsylvania ya ɓullo da dabarar aika sigina ta cikin ƙarfen dogo zuwa ɗakin direba, ta yadda ko da hazo ya rufe fitilar da ke gefen hanya, direba yana ganin umarnin a gabansa. Idan siginar ta sauka, ƙararrawa za ta yi ƙara, kuma yana da 'yan daƙiƙoƙi ya amsa ya fara rage gudu, in ba haka ba jirgin ya taka wa kansa birki. A kan wannan aka ƙara wani tsarin da majalisar dokokin Amurka ta wajabta a 2008 bayan karon jirage a Chatsworth ta jihar Kalifoniya, wanda ke lura da iyakar gudu a kowane lanƙwasa da kuma hana wuce jar sigina, aka kuma ba kamfanoni wa'adin ƙarshe zuwa ƙarshen 2020. Mai wasan da ya kunna waɗannan duka zai ga cewa hannunsa da idonsa da kunnensa ba sa hutawa, kuma a ganina wanda ya tuƙa hanyar ma'aikata ba tare da su ba ya bar mafi daɗin abin a baya.

Daga Newark zuwa Millburn layuka uku ne, abin da ke ba jirgi mai tsallake tashoshi damar wuce mai tsayawa ko'ina, kuma ina son in ga an yi amfani da wannan a jadawalin wasan. Bayan Millburn sai hawa ya fara sosai, ta Short Hills har zuwa Summit, inda reshen Gladstone ke rabuwa. Hawan nan yana bi ta unguwanni masu yawan itatuwa, kuma a lokacin kaka idan ganye ya zubo a kan dogo ƙafafun jirgi suka murƙushe shi, yakan zama wani baƙin shafi mai santsi kamar an zuba miyar kuɓewa a kan siminti, har hukumar tana da jirgi na musamman da ke wanke dogon da ruwa mai ƙarfi. Wasan ya daɗe yana kwaikwayon santsin dogo idan ana ruwa ko ƙanƙara, don haka saukowa daga Summit da jirgi mai nauyi a safiyar da aka kwana ana ruwa, ana neman tsayawa daidai a Short Hills, zai zama jarrabawa ta gaske. Daga Summit kuma hanyar takan sake fuska, tashoshi su fara nisa da juna, a wuce Chatham (sunan da ya yi daidai da na garin da kamfanin wasan yake a Ingila), da Madison, da Convent Station, da Morristown kanta, da Denville inda layin Montclair ke dawowa ya haɗe, har zuwa Dover inda wayar lantarki ta ƙare. A wannan ɓangare akwai wuraren da titin mota ya ratsa dogo, inda ƙa'idar Amurka ta tanadi busa dogo biyu, gajere ɗaya, sannan dogo ɗaya.

Akwai wani ƙaramin abu da nake sa ido a kansa wanda ba ya fitowa a hotunan talla. Tashoshi da dama a wannan layi dandamalinsu a ƙasa yake, bai kai tsayin ƙofar tarago ba, don haka fasinja matakala yake hawa, kuma ma'aikatan jirgi ne ke kula da ƙofofin da za a buɗe da murfin da ke rufe matakalar. Wasu tashoshin kuma, irin su Summit da Newark Broad Street, dandamalinsu daidai yake da ƙofa. Wannan yana shafar tsawon lokacin da jirgi ke ɗauka a tsaye, yana kuma shafar aikin kwandasta, wanda tun fitowa ta 5 aka fara ba mai wasa damar riƙewa a wasu hanyoyi. Zan so in ga fasinjojin wasan suna hawa matakala a inda ya kamata, ƙofar da ta dace ita ce ke buɗewa, kwandasta kuma ya ba direba alamar tashi da ƙararrawa kamar yadda ake yi.

Kamfanin Dovetail ya ce wannan fitowa za ta zo da sanarwar murya a tashoshi da cikin jirage, da kuma matsalolin da za su riƙa faɗowa ba zato, kamar lalacewar wani abu a jikin jirgi, ko rage gudu na wucin gadi a wani yanki, ko jinkirin sigina. Na yi maraba da wannan, amma ina da sharaɗi a kansa. Matsala ba ta da ma'ana sai idan tana da sakamako, kuma a hanyar ma'aikata sakamakon jinkiri shi ne jirgin da ke bayanka ya fara cin karo da sigina mai ruwan ɗorawa, gurbinka a ramin Hudson ya wuce, fasinjoji su taru a tashar gaba fiye da yadda aka saba. Idan jadawalin cike yake da jirage, ciki har da na Gladstone da na Montclair waɗanda ke raba dogo da wannan layi ko da mai wasa ba zai bi su har ƙarshen rassansu ba, to kowace ƙaramar matsala za ta zama labari. Idan kuwa jadawalin fayau yake, to matsalar za ta zama fitila ce kawai da ta kama a gaban direba ya danna maɓalli ta mutu.

Na riga na tsara yadda zan fara idan Allah ya kai mu. Zan ɗauki Arrow III daga Hoboken a jirgin yamma mai tsayawa a kowace tasha, da dukkan na'urorin tsaro a kunne, domin in koyi kamun birkinsa a tashoshin Orange kafin in kai ga hawan Summit. Bayan hannuna ya saba, sai in juyo daga Dover da jirgin asuba mai hawa biyu, in bi ta Kearny in ga yadda aka kwaikwayi sauyin wutar, sannan in ga ko zan sami gurbina a ramin Hudson a kan lokaci.